Ƙawar Mma Daga Bakin Kogi

Shekarar da na gama makarantar koyon jinya na dawo gidanmu a unguwar Nyohini, na tarar mahaifiyata Mma ta ba wata 'yar Japan hayar ɗakin da ke kusa da ƙofa. Ta zo Tamale aiki da manoman shinkafa ne. Sunan danginsu Kawaguchi, amma harshen Mma ya ƙi ɗaukarsa, sai ta yanke shi ta ce Ƙawa. Unguwa duka ta bi.

Mma ba ta jin Turanci, baƙuwar kuma Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, don haka ni ce tafinta. Wata ranar rani, famfo ya kwana biyu bai kawo ruwa ba, muna zaune a tsakar gida Mma na jiƙa gero na kokon sayarwa. Baƙuwar ta tambaye ni me ake nufi da ƙawa. Da na gaya mata, ta rufe baki tana dariya. Ta ce a harshensu kawa kogi ne, sauran sunan kuma baki. Kakanninta a bakin wani kogi suka zauna, wurin ya zama sunansu. Akwai ma gari guda mai wannan suna a ƙasarsu.

Mma ta dubi jarkokinmu da ke jere babu ko ɗigo, ta ce, "Gaya mata, kogi guda a gidana amma ina sayen ruwa."

Baƙuwar ta ce to mu fa, daga ina namu sunan ya fito? Na yi shirin cewa ban sani ba, sai Mma ta share hannu a zani. Ta ce sunan da ake kiran gidanmu da shi sunan wani ƙauye ne can arewa, a gaɓar kogin Kwara. Daga can kakanta ya taso da jakuna yana fataucin goro, ciwon ƙafa ya tsayar da shi a Tamale. Matar da ta yi jinyarsa 'yar ƙabilar Dagomba ce, ita ya aura, bai sake komawa ba.

Ban taɓa jin wannan ba. Na tsaya da fassara na ce, "Mma, me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

Ta ce, "Kin taɓa tambaya?"

Baƙuwar na jira. Na juya na fassara mata, a hankali, don ni ma ina so in riƙe labarin. Mma kuwa ta miƙa mata rariya ta ce ta zo ta koyi tace gasara.