Na Tsaya Bayan Mai Gwajin Babur

Ni dai tun da babur yas shigo ƙasarmu ban taɓa sonshi ba, kuma ina da dalili. Ɗana kabu-kabu yake yi tsakanin Wurno da Goronyo. Wata ranar kasuwa sunka hango masu bindiga gabansu, daidai inda hanya tam matse. Abokan tafiyarshi sunka juya baburansu sunka tsira. Shi ko da yaz zo juyawa, babur yak kwanta da shi. Waɗanda sunka dawo su sunka gaya mini haka, don ni ko gawarshi ban gani ba.

Ya bar mini yaro guda, ni nir rene shi har yai gashin baki. To, yaron nan sai ga shi ya taso da son abin da yak kashe ubanshi. Abokanshi har sun samo mishi babur ɗin haya, shi ma shi hau waccan hanya. Na yi faɗa, na yi kuka, na ƙi cin abinci, bai ji ba.

Ana nan sai Allah yak kawo wata ƙofa. Asibitin garinmu na neman wanda zai riƙa kai allurar rigakafi cikin akwatin sanyi zuwa ƙauyukan kusa, su Magarya, a fita da hantsi a dawo kafin la'asar. Amma sai wanda yac ci gwajin tuƙi anka ba shi lasin. Jikana yac ce mini, "Tsohuwa, in na ci, na zauna kusa da ke. In na faɗi, kada ki ƙara tsare ni." Nic ce na ji. Daga ranar nan abinci yad daina yi mini daɗi.

Wanda yaɗ ɗauki nauyin koya mishi malamin asibiti ne, wani dattijo Kirista mutumin Zuru, mai haƙuri da mutane. Filin da ake shanya shinkafa bayan gari sunka samu. Malam yaz zuba toka layi biyu, faɗin 'yar hanya, yac ce a tsakaninsu ake son yaro shi juyo da babur shi fuskanci inda yaf fito, ƙafarshi ba ta taɓa ƙasa ba, taya ba ta taka toka ba. Da nij ji haka nit tuna da ubanshi. Juyawar nan dai, ita ce.

Kome ya iya, wannan kaɗai tag gagare shi. Kullum shi dawo gwiwa a kurje, wando da toka. Ranar da nig ga jini a hannunshi nic ce gobe da ni za a je.

Niz zauna gindin dogon yaro ina kallo. Malam shina tsaye can inda juyawar ke ƙarewa, shina kira, "Juyo da kanka! Ni za ka duba! Inda idonka yat tafi, can babur za shi!" Yaro shi taho lafiya lau, shi fara karya kan babur, da ya fuskanci malam sai in ga haɓarshi ta sauka bisa ƙirji. Babur shi yi rawa, shi kwanta. Duk kwanciyar da yai, ba shi nake gani ba, ubanshi nake gani.

Can anka zo kiran malam, an kawo mai naƙuda. Yaro yat tada babur shi kaɗai. Ku kun san tsakanin kaka da jika babu kunya, sai tsiya. Don in kori tsoron da ke cina niɗ ɗaga murya nic ce, "Kai angona, in haka kake tuƙi gara in nemi wani miji, mai jaki ma ya fi ka!"

Shina tsakiyar juyawa lokacin. Yaj juyo da wuya gaba ɗaya yaz zuba mini ido, shina cewa, "Wa zai kwashe ki, ke da ba ki da haƙori ko ɗaya?" Kafin shi rufe baki babur ya zagayo sumul, ya tsaya gabana. Toka na nan yadda anka zuba ta.

Munka dubi juna. Nic ce shi sake. Yas sake, ina zaginshi shina ramawa, bai faɗi ba. Malam na dawowa yat tsaya inda yas saba tsayawa, haɓar yaro tak koma ƙirji, babur yak kwanta.

Nan nig gane. Mu nan yaro ba shi ɗaga ido shi dubi dattijo. Tun shina rarrafe ake danna mishi kai ƙasa in babba na magana, har shi zame mishi jiki. Malam na ganin tsoron babur ne, alhali ladabi ne ke kada shi. Da nig gaya wa malam, yar riƙe baki yac ce, "Inna, ai mai gwajin ya girme ni. Kuma daidai nan yake tsayawa."

Ranar gwaji masu lasin sunka zo daga Sakkwato, anka taru filin makaranta. Mai gwajin farin gemu gare shi, da kaki, fuska ba fara'a. Na ga samari na wucewa, wasu su ci, wasu su dire ƙafa a kore su gefe. Da anka kira jikana, nit tashi. Nir ratsa filin nan da sandata, mutane na kallona, nij je nit tsaya bayan kafaɗar mai gwajin.

Yaw waiwayo yac ce, "Inna, mi kike nema nan? Babur na iya kwasar ki."

Nic ce, "Ɗana, idona ba shi kai nesa. Bar ni in ga jikana."

Yaɗ ɗaga wa yaro hannu shi taho.

Yaro yat taho. Ƙarar injin nan har cikin haƙarƙarina. Yaf fara juyawa, yah hango farin gemu, nig ga haɓa ta fara sauka, kan babur ya fara rawa. In ya ƙwace, kaina zai yo, ban ko iya gudu. Ban san sad da murya taf fito mini ba: "Kai ragon miji! Dube ni nan!"

Kanshi yat tashi. Idonshi yaw wuce kafaɗar mutumin yas same ni. Bai rama zagin ba ranar nan, leɓenshi kawai ke motsi. Babur yaz zagayo a hankali, a hankali, yam miƙe, yat tsaya dab da mu har ina jin zafin injin a ƙafata.

Yas sauka yad durƙusa gaban mai gwajin, ido ƙasa. Mutumin yad dube shi, yad dube ni, yac ce, "Ka ci. Tashi ka kai matarka gida, ta kusa faɗuwa."

Yanzu shina kai allura, shina dawowa kafin la'asar. Tsoro bai sake ni ba, don hanya ba ta gyaru ba. Kowace safiya sai ya juya mini babur ƙofar gida kafin in bar shi shi tafi. Rannan nit tambaye shi, in ya hango masu bindigar nan gabanshi, ba ni a wurin, wa zai duba?

Yaɗ ɗaura hular kwano yac ce, "Baya zan duba, tsohuwa. Na san kina can kina zagina."