Furen da Kaka Ta Ba Inna

To ai nan abin yake, lokacin da zazzaɓin ya sauka! Ni ma ban sani ba sai bara da kaka, da Inna ta kwanta bayan ta dawo gaisuwar rasuwa daga Damagaram. Mu abin da muka sani, jiki ya yi zafi, a sha magani, zufa ta karyo, a ce barka. Dengi ba haka take ba.

Majo, babban ma'aikacin likita, wato asibitin da ke kusa da mu, ya gwada jininta bai ga palu, wato maleriya, ba. Ya ce yana zargin dengi ce, ita ma sauro ke kawo ta. Ya ce a ba ta ruwa sosai da parasetamol, kada a saya mata maganin ciwon jiki wajen masu tebur. Sannan ya kama hannuna ya ce, "Ranar da zafin ya sauka, ranar za ka buɗe ido."

Ni karatuna na lakwal, wato boko, bai yi nisa ba, amma ɗan Faransancin da na tsinta ya ishe ni. Kullum sai na hau tudun bayan gari inda ake samun rezon waya, in yi ta karantawa a salula. Ciwon ciki mai tsanani, amai ba tsayawa, jini a dasashi ko a hanci, hannu da ƙafa su yi sanyi, mutum ya yi laushi kamar an zare masa laka. In an ga ɗaya daga ciki aka ruga likita, galibi ana tsira. Wallahi har a majalisar shayi ina bayani, abokai suna ce min dokta.

Sai dai ni ɗan fari ne. Inna ba ta kiran sunana, ba ta kallona ido cikin ido, balle ta ce min cikinta na ciwo. In na ce ya jiki, bango take ba amsa, "Da sauƙi." Shi ya sa na je wajen Kaka, mahaifiyarta, da ke zaune a gidanmu, wadda kuma ba abin da ba ma faɗa wa juna.

"Tsohuwa, aiki zan ba ki."

"Miji ba cefane sai aike. Faɗi in ji."

Na lissafa mata alamomin, ta maimaita, har tana kwaikwayon muryata. Ta ce, "Kwantar da hankalinka maigida, ko tari ta yi sai ka ji." Na yarda da ita ɗari bisa ɗari.

A lokacin ƙanwata ta sake haihuwa a ƙauyen mijinta, can ciki nesa da titi, kuma suna ya matso. Na ce in dai zafin ya sauka dab da suna, Inna ba inda za ta. Kaka ta ce haka ne.

Jajibirin suna zafin ya sauka. Da safe na tambayi Kaka, ta ce ba amai, ba ciwo, har fura Inna ta sha. Sai ga Inna ta fito da sabon zane, haƙoranta jajir da furen taba da goro, irin adon da mata ke yi in za su biki. Na ji sanyi a raina, na ce wadda ta iya zama ta goga fure ai ta warke. Duk karatun nan nawa ya bi iska. Ni da kaina na shimfiɗa tabarma a amalanken shanu, suka tafi ita da Kaka da waɗansu mata.

Ina dawowa cikin gida na bi ta bayan ɗakin Inna ɗauko igiya. Na ga an barbaɗa toka wuri-wuri, kaji sun tone, amai ne a ƙasa. Gefe ga asawakinta, bakinsa duk jini. Sai a nan na tuna Inna ba ta cin goro, ƙwarnafi yake sa ta.

Na ari moto, wato babur, na bi sawun shanun. Na cim musu a cikin gonakin gyaɗa, Inna kwance a cinyar Kaka ta dafe ciki. Na taɓa hannunta, abin da rabona da yi tun ina yaro, na ji shi kamar randa. Ɗaya daga cikin matan ta hau baya ta riƙe ta, muka juya. Majo na ganinta ya sa mata ƙarin ruwa ya tura mu babbar likitar Magariya. Allah ya yi da sauran kwana, ta tashi. Sunan dai ba ta gan shi ba.

Da muka dawo gida na sami Kaka a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa.

"Kin ga jinin?"

"Na gani."

"Ke kika ba ta furen?"

"Ni ce. Da na faɗa maka ai da ka hana ta. A yi suna uwar mai jego ba ta je ba, me dangin miji za su ce?"

"Da ta mutu a hanya fa?"

"Kwana ai na Allah ne, maigida."

Ko a jikinta. Da mantuwa ta yi, da tuni na yafe. Amma ta haddace alamomin tsaf, ni na koya mata, shi ya sa ta san wanda za ta rufe da toka da wanda za ta rufe da fure.

Har yau ina gaishe ta safe da yamma, ina ɗebo mata ruwa a rijiya. Wasan ne ya mutu. In ta ce maigida, sai in ce na'am Kaka, in wuce. Rannan ta miƙo min goro, na karɓa na ajiye a kan katanga.

Ku fa, a gidajenku wa kuke sawa ya lura da mara lafiyar da ke jin kunyarku? An taɓa ɓoye muku ciwo irin haka? Ku ba ni labari, don ni har yanzu ban san wanda zan sa ba in Inna ta sake kwanciya.