Idona Ya Cika Bushewa

Mu biyu ne masu tabarau a ofishinmu, ni da wata 'yar Jos da teburinta ke jikin nawa. Ba tabarau na gayu ba, masu kauri kamar gindin kwalba. Da damina in mun fito daga sanyin ofis, tare gilasanmu ke yin hazo, mu tsaya a bakin ƙofa muna gogewa muna yi wa kanmu dariya.

Ita ta jiyo labarin kwantak, ɗan abu mai laushi da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido ya yi aikin tabarau. Tare muka je asibitin ido a Wuse. Likita ya auna ta ya ce ba matsala. Ni kuwa ya ce idona ya cika bushewa, in na matsa zan ji wa kaina ciwo. Har da ja mini kunne kada in je in sayi na kasuwa, kamar ya san abin da ke raina.

Da ta ajiye tabarau ta koma kwantak, ashe yarinyar nan kyakkyawan ido gare ta. Mutanen da suka shekara suna wuce mu suka fara tsayawa gaisuwa a teburinta. Kishi ya ci ni, ba zan ɓoye ba. Kullum da safe sai na saci kallon idonta ko ya yi ja. Ina, ba ta ba ni wannan daɗin ba. Sai ta wanke hannu da sabulu ta tsane kafin ta taɓa abin, ba ta kwana da shi, ruwan famfo ba ya kusantarsa. Har tsaftar tata haushi take ba ni.

Ranar walimar ogarmu da ta yi ritaya, ana shirin ɗaukar hoto sai ta ɓace. Can sai ga ta da tsohon tabaraunta a fuska.

"Kwantak ɗin ya dame ki ne?" na tambaye ta, raina har ya fara fari.

"A'a, lafiya lau yake. Na ga ke kaɗai ce da gilas, shi ne na ce bari in taya ki."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Muka jera kafaɗa da kafaɗa, mai hoto ya ce a yi murmushi, na yi. Yana gamawa ta zare nata ta riƙe a hannu, wai ya fara yi mata nauyi a hanci. Ni kuwa sai da nawa zan ga hanyar gida.