Ordinatar Isuhu da Na Sayar

Shekara huɗu ke nan cif da munka rufe Isuhu, ɗan wana, wanda na riƙa tun shina ɗan shekara shida, bayan ubansa ya rasu wurin ci-rani. Sanƙarau ne ya ɗauke shi cikin kwana uku, tsakiyar bazara, saura wata biyu shi gama karatunsa na iniwasite. Masu irin wanga rubutu sukan cika shi da yabo. Ni ba yabo ya kawo ni ba. Ɗan kamasho ne ni a tashar Madawa, aji huɗu na yi a lakwal anka koro ni, kuma abin da zan faɗi na daɗe ina haɗiye shi.

Su uku malamansu sunka haɗa kan aiki guda: shi, da Lawali ɗan Tamaske, da Hadiza ƴar Buza. Aikin shi ne su koya wa ordinatar, injin nan da wasu ke ce wa kwamfuta, ta kalli hanya ta idon kamera, ta ƙirga abin da ke wucewa, ta nuna inda ake yawan karo. Gwajin farko bai yi ba. Da hotunan hanyoyin Turai anka koya mata, shi ya sa da ta ga amalanke da lodin kara sai ta yi kamar ba ta ga komi ba, motar kasuwa mai mutane bisa kuwa ta ce itace ne. Dole sai an ɗauki hanyarmu da mutanenmu an nuna mata.

Nan ne Isuhu ya zo wurina. Ya ce, “Baba, in ba kai ka shiga gaba ba, ba wanda zai yarda a ɗauke shi.” Gaskiya ya faɗi. Nan Adar ba a kafa wa mutum ido haka kawai, sai da wanda ya tsaya. Na bi su ɗaya-ɗaya: direbobi, ƴan kabu-kabu, ƴan albasa, masu fataucin dabbobi. Wanda ya fi ba ni wahala shi ne Alhaji Shaibu, mai kawo shanu daga wajen Urno.

“Kai Mamman, wanga abu ba na ƴan duwan masu karɓar harajin kaya ba ne?”

“Wallahi Alhaji aikin lakwal ne. Suna gamawa za a share. Ni na tsaya.”

“To. Yaron ban san shi ba. Bakinka munka riƙe.”

Sunka ɗora kamerar bisa rumfar mai shayi, daidai inda hanyar ƙauyuka ke faɗowa gudron, babbar hanyar kwalta. Wata uku, kowace ranar kasuwa, tun fitowar rana har a watse.

Kowa da nasa rabon aiki. Lawali ke rubuta abin da injin zai bi. Hadiza ke zana akwati kan kowane hoto tana sa masa suna, wannan jaki ne, wannan kamyon ɗaukar kaya ne, har idonta shi yi ja. Isuhu ke ɗauka, shi ke ajiya. Sau ɗaya na ga sun yi faɗa, a ƙofar gidana, ina cin tuwo kusa da su. Lawali na son kowa shi samu kwafin abin da anka ɗauka don aiki shi yi sauri. Isuhu ya ce a’a, ɗanyen hoto ba zai fita daga ordinatarsa ba, sai ya dushe fuskoki da lambobin mota sannan shi ba su.

Lawali ya ce, “Kai dai ka cika tsoro kamar tsohuwa. Wa ya damu da fuskar mai jaki?”

Isuhu ya ce, “Mai jakin.”

Hadiza ta yi dariya ta goyi bayansa, magana ta ƙare. Ni duk a kunnena anka yi ta, amma ban gane ba. Ca nake rigimar shugabanci ce irin ta yara.

Da ya rasu, abokan nan biyu sun zo, sun yi kwana uku tare da mu, sun yi kuka sun koma. Ba su ce uffan kan ordinatar ba. Yaran kirki ne, sun san ba a tambayar kayan mamaci ana zaman makoki, sai sunka ce a bari a yi arba’in. Mu kuma a wurinmu ba a jinkirta haƙƙin magada. Bayan sadakar bakwai malam ya zo. Tufafi an bayar sadaka. Injin ba ya rabuwa tsakanin uwa da ƙanne mata, sai a sayar. Uwar ma ba ta iya ganin jakar injin rataye ba tare da ta fashe da kuka ba. Na ɗauka na kai kasuwa, na sayar wa wani baƙo mai sayen tsofaffin wayoyi da injuna. Ban tambayi sunansa ba, ban tambayi garinsu ba. Na komo gida ina jin na sauke nauyi.

Ran arba’in, bayan an yi addu’a an watse, Hadiza ta durƙusa gabana.

“Baba, mun zo karɓar ordinatar, mu share abin da ke ciki.”

“Ai an sayar, ɗiyata.”

“Wa ya share ta?”

Na ce, “Mi ke ciki?”

Sai ta zauna ƙasa daɓas, ta ɗora hannu a ka. Na juya wurin Lawali na ce ai na ga Isuhu na kulle ta da lambobi. Ya ce, “Baba, irin wannan kullin, mai gyara zai buɗe shi kafin shayinsa shi huce.”

Ga abin da ke ciki, in gaya muku yadda sunka gaya mini. Fuskar kowa tar. Lambar kowace mota. Sa’ar da mutum ya shigo da sa’ar da ya fita. Wa ya zo da shanu da safe ya koma da yamma motar ba komi, ta wace hanya, da mutum nawa. Wata uku, mako bayan mako. A lokacin hanyoyinmu ba su lalace da ƴan fashi kamar yanzu ba, duk da haka na gane haɗarin abin da na saki. Yau kuwa kun san yadda ake. Mutum ba ya gaya wa ɗan’uwansa ranar tafiyarsa.

Bara an tare Alhaji Shaibu a hanyar komawa gida. Allah ya kiyaye, an sako shi da ransa, amma ba yadda ya tafi ba. Da na je gaishe shi ya ce, “Mamman, sun san sunana, sun san motata, sun san ranata.” Na ce Allah shi kyauta, na tashi na fito. Ban sani ba ko daga injin nan ne. Kowa a kasuwa ya san Alhaji, masu kai rahoto kuma ba su ƙare ba. Hadiza, wadda yanzu malama ce, tun ran arba’in ɗin ta ce mai yiwuwa baƙon ya wanke injin ranar da ya saya don shi sayar da shi sabo. Mai yiwuwa. Shekara huɗu ina tauna wannan kalma, ba ta ƙosar da ni ba. Duk baƙon da ya tsaya a tasha shina kallon waya shina kallon motoci, sai in bi shi da ido har shi bar wurin.

Su biyun sun kare aikin gaban malamai da dusassun hotunan da ke hannunsu, sun samu takardarsu, sun sa sunan Isuhu a shafin farko. Nasu injin ya iya gane amalanke. Lawali na babban birni, kafa kamera ne aikinsa, an ce yanzu kan kowace mararraba ana son a sa. Da Isuhu na raye zai yi murna, don karon da ke kashe mutane a mararrabar nan shi ne ya dame shi tun farko. Amma na san ba zai bari a ɗaure ko guda ba sai ya ji wa zai riƙe abin da ta gani, kuma wa zai share shi in mai riƙon ya faɗi. Wannan ta biyun ita ce shi kansa bai tanada ba. Ɗan shekara ashirin da huɗu ba ya shirya mutuwa. Ya tsare amanar mutane daga abokansa masu ilimi, bai tsare ta daga jahilin babansa ba.

Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Abin da ya rage nasa shi ne alkawarin da ya sa na ɗauka, kuma ni na karya shi da hannuna, sannan na yi shiru don tsoron abin da za a ce. Shirun ya fi sayarwar muni, don da na faɗi tun farko da wasu sun sake rana, sun sake hanya.

Na san galibin waɗanda na ba bakina ba su karanta jarida. Saboda haka ran kasuwa mai zuwa zan bi su ɗaya-ɗaya in gaya musu ba a share ba, kuma ban san hannun da yake ba. Wani zai zage ni, wani zai daina gaisawa da ni, ƙila a kore ni daga tasha. Alhaji Shaibu ban san abin da zai yi mini ba. Da shi zan fara.