Ammi Balkhair, Mun Bar Ka Ka Sauka Kai Kaɗai

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Asabar, goma sha ɗaya ga watan Safar, da hantsi, ƙasa ta rufta da baffanmu Ammi Balkhair ɗan Salim a cikin fuggarar garinmu Tagarawt, hanyar ruwanmu ta ƙarƙashin ƙasa, a gindin rijiya ta arba'in da uku. Ba mu iya fito da shi ba sai ranar Litinin bayan la'asar. Ya rasu yana da shekara sittin da tara, ya bar matarsa Lalla Mbarka da 'ya'ya mata uku.

Ammi, ni ne Tuhami malamin makaranta, wanda kake ce wa mai hannun alli. An ce ni zan rubuta ta'aziyyarka tunda ni na iya tsara magana. Na karɓa ne don akwai abin da ya kamata a ji daga bakina.

Shekara hamsin kana shiga ƙarƙashin ƙasa don mu sha ruwa a samanta. Kakanni ne suka haƙa fuggara tun daga gindin tudu, ruwa yana gangarowa cikin duhu har gonakin dabinonmu, ba inji ba famfo, da rijiyoyi ɗari da sittin a jere a kanta. Abin da take nema a wurinmu ɗaya ne: kowace shekara a buga ganga, kowane gida ya ba da namiji, a yi gayyar yashe ta. Kai ne kake gaba da fitila da gajeriyar fartanya. Kakan kwanta a bakin rijiya ka kasa kunne, ka tashi ka ce ta ashirin tana tari. Mu yi ta dariya, a sauka a tarar da yashi ya shaƙe ta.

Shekarar da mahaifina ya rasu ina makarantar horon malamai, gidanmu babu namijin da zai fita gayya. A al'ada, gidan da bai fita ba ana rage masa rabon ruwa. Ba a taɓa rage namu ba, ni kuwa ban taɓa tambayar dalili ba. Sai da mahaifiyata ta kwanta ciwon ajali ta gaya mini cewa shekara huɗu kana yin kwanakinka, ka ɗora da namu. Na zo yi maka godiya, ka ce ba ka tuna ba, ka shiga tambayata ko alli yana cin hannu kamar igiya.

A farkon zafin bana ɗan takarar shugaban ƙasa ya zo mana, wanda duk ƙasar take yayinsa. Ba zan zage shi ba. Ya durƙusa ya sha ruwan magudanarmu da tafin hannunsa, abin da wani babba bai taɓa yi ba. Ya ce in ya ci zaɓe, cikin kwana ɗari za a haƙa mana rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, a ja bututu har kowace gona, ɗan ƙasar nan ba zai ƙara shiga rami kamar gafiya ba. Mata suka yi guɗa. Ni na rubuta jawabin maraba, ni aka ba shugabancin kwamitinsa a garin, kuma har zuciyata na yarda da shi.

Juma'ar da ta biyo baya jama'a ta zauna a inuwar masallaci, aka kawo shawarar a ɗage gayyar bana. Me za a wahala a kai, ruwa na tafe? Kai kaɗai ka miƙe.

Ka ce, “Ni ban ce maƙaryaci ba ne, ban san shi ba. Yashi na sani, shi kuwa ba ya jiran zaɓe. Ku ce ma ya ci. Kwana ɗarin daga ranar rantsuwa za a fara ƙirga su. Wane dabino ne zai kai? 'Yan takara uku na gani kafin shi, kowa da bututunsa a baki. Mu yashe tamu tukuna, in tasa ta zo mu sha biyu.”

Hajj Ma'amar mai kanti ya ce, “Ammi, ko dai tsoro kake a raba ka da raminka?” Aka fashe da dariya. Da na yi shiru da ya fi mini. Sai na ce, “Ammi, zamani ya wuce ka, ka huta haka nan.” Ka dube ni, ka zauna. Aka ɗaga hannu, gayya ta faɗi. A ƙasar da ake shekara uku ba a ga ɗigon ruwan sama ba, mun hango hadari mun zubar da ruwan tulu.

Wata biyu ruwa yana ja baya kaɗan kaɗan, muna gani muna kau da kai. Ranar Juma'a, jajibirin rasuwarka, ka zo gidana bayan la'asar, na ɗora shayi.

Ka ce, “Si Tuhami, ta arba'in da uku ta kusa toshewa. Ba shiga za ka yi ba, na san gwiwarka. Igiya kawai za ka riƙe mini gobe, ka ja kwando.”

Na ce, “Gobe babban taron ɗan takara ne a Adrar, ni ne mai jan mutane. Ka bari mu dawo.”

Ka ce, “To, ita ma zan gaya mata ta jira ku dawo.” Ka shanye kofin farko, ba ka tsaya na biyu ba.

Washegari manyan motoci shida suka kwashe mazan garin, da tutoci da ganguna, har da gangar gayyar. Lalla Mbarka, mace mai shekara sittin, ita ta riƙe maka igiya. Ta ce kwando tara ta jawo, a na goma ta ji wata ƙara a ƙasa, ƙura ta taso daga bakin rijiyar, igiya ta ƙi motsi. Ta kira sunanka, ita da ba ta taɓa faɗinsa a fili ba. Ta rugo gari ba takalmi, tana buga ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Ba ta samu kowa ba sai mata da jarirai da tsohon ladan da ba ya gani. Suka yi ta kiran wayoyinmu. Mu kuwa muna filin wasa muna ihun kwana ɗari. Sai da taro ya watse na duba tawa, na ga kira goma sha tara.

Kwana biyu muna tono, muna ɓata fiye da abin da muke gyarawa, don wanda ya san yadda ake tokare irin wannan ƙasa shi ne a ƙarƙashinta. Mun same ka a zaune, ka jingina da bango, fartanya a cinyarka. Likita ya ce ba nan take ka cika ba. Na roƙe shi don Allah kada ya gaya mini awa nawa. Da ruwan motar tanki aka yi maka wanka, don na fuggara ya tsaya.

Ranar uku wakilin ɗan takara ya zo gaisuwa, mutum mai ladabi. Ya ce an yi alkawari, rijiyar burtsatsen sunanka za a sa mata. Lalla Mbarka tana takaba, daga bayan labule ta amsa masa. Ta ce, “Mun gode. Ku haƙa ta tukuna, suna ba ya gudu.”

Saura kwana tara zaɓe. Ban sani ba ko mutumin zai ci, ban sani ba ko zai cika in ya ci. Wataƙila ya cika, ba ka taɓa cewa ba zai yi ba. Abin da na sani, dabino ya fara zubar da 'ya'yansa ɗanye tun daga gonakin ƙarshe. Jiya aka buga gangar gayya, maza tamanin suka fito da igiyoyi da kwanduna, ba wanda ya yi nawa. Muka isa jerin rijiyoyin muka tsaya muna kallon juna, kowa yana jira a ce masa ga inda za a fara. Na kwanta a bakin ɗaya na kasa kunne yadda kake yi. Ban ji komai ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ammi Balkhair. Ya yalwata maka kabarinka fiye da ramukan da ka yi rayuwa a ciki, Ya haskaka shi, Ya karɓe ka cikin shahidai, Ya shayar da kai daga Alkausara. Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanka Yamina da Mas'uda da Khadra, da jikokinka, Allah Ya ba su haƙuri.

Ke kuma Lalla Mbarka, sau uku ina zuwa gaisuwa, kina amsa wa kowa, in na yi magana sai labule ya yi shiru. Kina da gaskiya. Igiyar da ta yanke miki tafin hannu tawa ce. Ba na neman ki yafe mini yanzu. Allah Ya ba ki dangana, mu kuma Ya shayar da dabinonmu, ko da ba mu cancanta ba.