Takardar da Inna ta shanye

Tarin Inna ya ƙi tafiya a shekarar da muka koma unguwar Hindawiyya. Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, don haka asibiti ba wurin zuwanta ba ne. Wani maƙwabci ya haɗa mu da wani tsoho Basine, Musulmi, da ya zo umra ya sauka wurin ɗan ƙaninsa a unguwar Bagdadiyya. Magani gadon gidansu ne, kuma yana jin Larabcin littafi. Ni na yi musu tafinta.

Tsohon ya ɗora yatsunsa a wuyan hannun Inna ta kan mayafi. Ya duba harshenta. Sannan ya ɗauko tawada da alƙalamin gashi, ya rubuta haɗin magani daga sama zuwa ƙasa. Ya ce haɗin daga tsofaffin littattafan likitocinsu yake, waɗanda aka yi ta kwafa da hannu ana ƙara musu sharhi. Kowane haɗi da sarkinsa, da wazirinsa, da mataimaki, da ɗan aike mai kai magani inda ciwo yake. A na Inna, kirfa ce sarki. Ya ce in kawo takardar ranar Asabar, idan kayan maganin ɗan ƙanin nasa sun iso, a auna mana.

Na bar takardar a hannun Inna na wuce aiki. Da na dawo, na sami takardar fara fat, an shanya ta a bakin taga. Inna ta wanke rubutun a kwano ta shanye.

"Malami ya yi maka rubutu da tawada," in ji ta, "me ake yi da shi in ba sha ba?"

Washegari tsohon zai tashi, kuma ba wanda ya san haɗin sai shi. Na so in koma ni kaɗai, amma kafin in sa takalmi Inna ta yafa mayafi.

Muna zama ta ce, "Yalla, faɗa masa na sha duka, ko ɗigo ban zubar ba. Sai dai ba ɗaci."

Na fassara, idona a kan darduma. Ɗan ƙanin ya shige kicin, muna jiyo dariyarsa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tsohon bai yi dariya ba. Ya ce a wasu tsofaffin littattafan akwai babi na rubutun da ake sha a ruwa, likitocin baya suka yi ta gardama a kansa, kakansa kuma bai koya musu ba. Ya tambayi Inna ko tarin ya ragu.

"Kaɗan," ta ce.

Ya sake rubuta haɗin, wannan karon da biro. Inna ta leƙa. "Wannan ai ba zai wanku ba, Malam."

Ranar Asabar aka auna mana. Maganin ya yi ɗacin da take nema, tarin kuma ya lafa kafin azumi.

Abin da ban manta ba shi ne yadda na yi tafintar ranar. A zuwanmu na farko, "mahaifiyata ta ce" nake cewa. A na biyu, tun daga shigarmu har fitarmu, "Hajiyar nan ta ce" nake cewa, na kuma zauna ɗan nesa da ita. Inna ba ta jin Larabci sosai, amma ta san kalmar uwa. A mota ba ta yi mini magana ba.