Inde Ta Raba Injinta Kashi Ɗari

Shekara talatin Inde tana matse man gyaɗa a Madarumfa, tun rasuwar mijinta, wani masunci da ya bar mata 'ya ɗaya, Rahama. Da man nan ta sa yarinyar lakwal, wato makarantar boko, har ta zama ma'aikaciyar banki a Yamai.

Da kafaɗunta suka fara gazawa, sai ta ce inji take so. Rahama ta zo hutu, ta zauna kusa da ita tana ɓare gyaɗa.

"Inna, ko manyan kamfanoni ba su sayen komai su kaɗai. Sukan raba kansu kashi-kashi, su sayar wa jama'a. Shi ne hannun jari."

"To wa ke yanka kuɗin?"

"Sai an zagaya an ji abin da masu saye za su iya bayarwa, sannan a tsayar."

Inde ta ɗauki mayafi, ta bi unguwa gida-gida har kwana shida. Wasu matan suka ce kowane kashi dala dubu biyu, wato sefa dubu goma, mafi yawa suka ce dubu da ɗari biyar. Maimuna, makwabciyarta da ta daɗe tana taya ta suyar ƙuli-ƙuli ba ta taɓa karɓar lada ba, ta sunkuyar da kai.

"Yaya Inde, ni dala dubu ce ƙarfina."

Inde ta raba sana'ar kashi ɗari, ta riƙe talatin, ta sa kowane kashi dala dubu.

Rahama ta kira a waya. "Inna, kin karya farashin. Sunanki kaɗai ya fi haka."

"Na sani, 'yata. Amma injin da Maimuna ba ta ciki, ba na son jin ƙararsa."

Kafin Juma'a kason ya ƙare, wasu matan ma har da fushi don ba su samu ba. Kuɗin bai kai na sabon inji ba, sai aka sayo na hannu daga Maraɗi.

A taron farko, mata arba'in da biyu suka cika tsakar gidanta. Inde ta ce ita za ta ci gaba da ɗaga buhuna. Aka yi ƙuri'a ta ɗaga hannu, aka kayar da ita. Daga ranar nan, aikinta ɗanɗana mai ne, a zaune.

Ta yi ta gunaguni har mako guda. Daga baya ta sa aka kawo mata kujera mai majingina.